Licentiate: lasisi ne, lisans ne, ko me za mu ce da Hausa?

Tafinta, Yamai:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An kawo mini takardun wata malamar rawa da ta yi koyo a Ingila, za ta koma Faransa da zama, ana so a mayar da su Faransanci. A jikin takardar an rubuta Licentiate, daga ƙungiyar malaman rawa ta ISTD da ke Landan, wadda aka kafa tun 1904. Ita da takwararta IDTA sun daɗe suna jera malamansu hawa uku: Associate, sai Licentiate, sai Fellow a can ƙoli. Hannu har ƙaiƙayi yake ya rubuta licence, don sun yi kama kamar an tsaga kara. Amma licence a Faransa, da mu nan Nijar, digirin farko ne na jami'a, shekara 3 bayan bak, wato jarrabawar gama sakandare. Sai na bar kalmar da Turancinta, na yi bayani a ƙasan shafi. Faransanci ya wuce ke nan. Da Hausa fa, me za mu sa a jerin kalmominmu?

Ɗan Kwari, Kano:
Wa alaikumus salam. Malam, ai wannan ba abin wahala ba ne. Lasisi. Lasisin koyar da rawa, shi ke nan.

Ɗiyar Maraɗi:
Yaya na Kano, a yi haƙuri, lasisi bai shiga nan ba. Lasisinku shi muke ce ma permi, kuma hukuma ka ba da shi, wanda bai da shi a kama shi. To a Ingila babu dokar da ta ce sai da takardar ISTD mutum zai buɗe ajin rawa nashi na kanshi. Ƙungiya ce ta gwada ka, ta ce ta yarda da hannunka. In kuma kunka rubuta lasisi ɗan Nijar ya karanta, lisans zai ji, ya ɗauka matar ta gama jami'a.

Tafinta, Yamai:
Hajiya ta taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Abin da ya yi kama da lasisi na gaske yana Faransa ne. Dokar 10 ga Yuli 1989 ta hana kowa karɓar kuɗi don koyar da rawa iri uku, wato bale (rawar Turawa da ake kira ballet), da rawar zamani da suke kira contemporaine, da jaz, sai yana da Diplôme d'État, wato diflomar gwamnati, ko Ma'aikatar Al'adu ta amince cewa takardarsa daidai take da ita, ko ta ɗauke masa. Kafin a samu sai an ci gwajin iya rawar kanta, sannan a yi karatun kiɗa, da tarihin rawa, da sanin ƙirar jikin ɗan Adam, a rufe da dabarun koyarwa, jimla awa 600. Wanda ke koyar da rawar mace da namiji irin su tango, dokar ba ta hau kansa ba. Amma malamar bale, ko Fellow ce a Landan, in ta sauka Liyon sai ta bi layin ma'aikatar. Shi ya sa duk kalmar da za ta sa mai karatu jin ƙamshin hukuma nake gudunta.

Malamin Hausa, Zariya:
To ga tawa: ijaza. Asalin Licentiate daga Latin ne, daga izinin koyarwa da jami'o'in Turai na da suke bai wa ɗalibin da ya ƙware. Ijaza kuwa ita ce malami ya ce wa almajirinsa na ba ka izini ka karantar. Ban ga kalmar da ta zauna daram kamar wannan ba.

Dattijo, Katsina:
Malam, Allah ya gafarta maka, ma'anar ta zauna amma bakin mutane ba zai ɗauka ba. Ka fita ƙofar gida ka ce wance tana da ijazar rawa, ka ga abin da zai biyo baya. Ijaza a wurinmu da salsala take tafe, wane daga wane, kuma a kan karatun addini aka san ta. Ba na raina sana'ar kowa, amma kalmar da za ta ja mana rigima kafin ta isar da saƙo, barinta ya fi.

Malamin Hausa, Zariya:
Na karɓa, Baba. Akwai ma wata matsalar: ijaza izini ce, an kuwa nuna mana takardar nan ba ta buɗe ƙofar aji a Faransa. To mu bar izini, mu kama amincewa, tunda abin da ƙungiyar ta yi ke nan. Amintaccen malami. Associate kuma malamin matakin farko, kada a ce abokin tarayya, wanda shi ne ramin da associé na Faransanci ke jefa mutum, sai ka ɗauka hannun jari gare shi a makarantar. Fellow, gwani.

Ɗan Kwari, Kano:
Gwani ya yi mini, don ko a ɗinki muna cewa gwani. Amma amintacce fa, a kasuwa wanda za ka bar wa makullin shago ne. Ba za a ɗauka halinta ake yabo ba?

Ɗiyar Maraɗi:
Za a ɗauka, in an bar shi tsirara. A liƙa mishi sunan mai amincewar: amintacciyar malamar rawa ta ISTD. Da an ji sunan ƙungiya an san muƙami ne. Kuma ko a Turanci haka suke yi, ba a cewa Licentiate kawai sai an faɗi na wace ƙungiya, don na RAD, makarantar bale da aka kafa a 1920, ba ɗaya ba ne da na IDTA.

Tafinta, Yamai:
Madalla. Ga abin da na shigar. Licentiate: amintaccen malami na ƙungiya kaza, mace amintacciyar malama, jam'i amintattun malamai. Associate: malamin matakin farko na ƙungiya kaza. Fellow: gwani, mace gwana, jam'i gwanaye. Diplôme d'État kuma diflomar gwamnati ta koyar da rawa. A takardar da za ta je ofis dai sunan Turancin zai zauna yadda yake, namu ya biyo shi a matsayin bayani. Malam na Zariya, saura contemporaine: rawar zamani da na sa a sama ba ta kwanta mini ba, don yaran Kano za su ɗauka ta bidiyon waƙa ake nufi.