Lissafin nauyin Pluto ya ƙi fita, na Eris kuwa ya yi daidai

Assalamu alaikum, malamaina. Ina koyar da fiziks a wata sakandare a Gusau, kuma wani lissafi ya tsaya mini a wuya kwana uku ke nan.

Wata ɗaliba ce ta tambaye ni game da Eris da Pluto, ƙananan duniyoyi biyu da ke zagaya rana daga can nesa, yadda aka san Eris ta fi Pluto nauyi, alhali faɗinta kilomita 2,326 ne, na Pluto kuma 2,377. Na ce da watan da ke zagaya kowacce ake auna ta, da dokar Kepler ta uku, wadda ke fitar da nauyi daga nisan wata da tsawon lokacin zagayensa. Watan Eris, Dysnomia, yana nesa da ita kusan kilomita 37,300, yana zagaye ɗaya a kwana 15.8. Na buga a allo, na samu kilogiram 1.65 × 10²². Ya yi daidai, har yara suka tafa.

Da na zo kan Pluto da watanta Charon, nisa kilomita 19,600, zagaye kwana 6.39, sai na samu 1.46 × 10²². Nauyin da aka sani kuwa 1.30 × 10²² ne. Kunya ta ishe ni a gaban aji.

Na mayar da kilomita mita, kwanaki kuma daƙiƙoƙi. Na sake bugawa sau huɗu, har na aro kalkuletar malamin lissafi don ina zargin tawa. Rarar nan ta kashi 12 cikin 100 ba ta motsa ba.

Me ya sa dokar ta yi aiki a kan Eris, amma ta ƙara wa Pluto nauyi?