Me za mu kira "patch" da Hausa, mu masu sharhin wasannin bidiyo?

Daga Sabil, Jidda: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gyaran da kamfani ke aiko wa wasa bayan ya fito, yaranmu a nan suna ce masa "tahadis", wasu kuma "batsh" kamar yadda Larabawa ke faɗa. Wanda yake Kano ko Zinder ba zai gane ko ɗaya ba. Wace kalma za mu tsayar?

Daga Shara Mansur, Makka: Wa alaikumus salam. Tahadis ai sabuntawa ke nan, kuma ta yi faɗi da yawa: sabon fili, sabbin kaya, sabon yanayi, duk sabuntawa ne. Ni faci nake gani. Ba a yi wa taya faci sai ta huje. Haka wasa: ya fito da tangarɗa, yana daskarewa, ko mutum ya faɗa ƙarƙashin ƙasa, ko ajiyar ci gabansa a wasan ta lalace, sai kamfani ya aiko da abin toshewa.

Daga Madina: Yaya, maho fa? Shi ne namu na asali, faci aro ne daga Turanci.

Shara Mansur: Gaskiyarka ƙanena, amma maho na tufa ne, kuma ana ganinsa a jikin riga. Wannan gyaran ba ya ganuwa, sai dai lamba ta tashi daga 1.00 zuwa 1.01. Faci kuwa ya daɗe a bakin kowa, har mai faci muna da shi a kowace unguwa.

Daga Riyad: Na bi faci, amma a rarrabe, domin nan ne sharhi ke lalacewa. Ana rufe aikin da za a buga a faifai makonni kafin ranar sayarwa, saboda sai an buga an yi jigila. Masu aikin ba sa tsayawa, abin da suka gyara a tsakanin shi ake saukewa ran da wasan ya fito. Wannan facin ranar fita. Ƙaramin da ake sakewa cikin kwana ɗaya ko biyu don kashe matsala guda, facin gaggawa. Wanda ya canza tsarin wasan kansa ya wuce faci, garambawul ne.

Ku duba wasan Cyberpunk 2077. Ya fito 10 ga Disamba 2020. Masu sharhin farko na kwamfuta kaɗai aka ba su, ba su taɓa na na'urorin wasa PS4 da Xbox One ba, alhali can ne ɓarnar ta fi yawa. Cikin watan Sony, mai ƙera PS4, ta cire shi daga kantinta na intanet, bai dawo ba sai Yunin 2021. Lamba 2.0 ta Satumban 2023 ta sake tsarin 'yan sanda da na ƙwarewar ɗan wasa, kuma ba ta zo wa PS4 ba sam. To wanda ya karanta yabon 2.0 ya je ya sayi faifan PS4, wa ya cuce shi in ba mai sharhin da bai faɗi na'ura da lamba ba?

Madina: To in faci ya gyara wasa, a canza maki?

Riyad: Kada a goge na farko, shi ne shaidar abin da aka sayar wa mutane da cikakken kuɗi. Metacritic ma, shafin da ke tara makin masu sharhi, makin farko take riƙewa. A ƙara bayani a ƙasa da kwanan wata, in garambawul ne a rubuta sabon sharhi daban. A saman kowane sharhi a sa abu huɗu: na'ura, lambar faci, awa nawa aka buga, da ko kamfani ne ya ba da wasan kyauta. A PS5, danna maɓallin Options a kan hoton wasan ka shiga bayanai, lambar tana nan. Kuma a gwada faifan ba tare da intanet ba, don akwai masu kai shi gida inda sauke giga 40 ba wasa ba ne.

Sabil: Madalla. Faci, facin ranar fita, facin gaggawa, garambawul. Sabuntawa kuma a bar ta wa ƙarin kaya. Daga sharhi na gaba da su za mu yi aiki, in sha Allahu.