Layin da ke jiran a tashe shi

A muhawara kan yadda kwamfuta za ta bayyana matsayin layin haɗinta da intanet, yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce "a kunne" da "a kashe" ba su wadatar ba. Layin da ba ya tashi sai an buƙace shi, kamar VPN (keɓaɓɓiyar hanyar haɗi ta cikin intanet) ko PPP (hanyar haɗi, galibi ta layin waya) mai buga kira da kansa, yana buƙatar matsayi na uku: yana jira. RFC 2863, wani kundin ƙa'idojin intanet, ya tanadi hakan a 2000, tsarin kwamfuta na Linux ma yana da shi.

Abin da ya fi damuna: in tsarin kwamfuta ya ce layin a kashe yake, manhajar imel ba za ta gwada aikawa ba, shi kuwa layin ba zai farka ba. In ya ce a kunne, sabunta manhajoji zai dinga tada shi tsakar dare yana cinye data. Shawarar masu muhawarar: manhaja ta iya duba matsayin ba tare da ta tada layin ba.