Robar raba wayoyin filogi a tsofaffin motocin Amurka: yaya kuka gane ta asali?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum. Ina aikin maido da wata Ford Mustang ƙirar 1966 mai injin 289 yadda ta fito daga kamfani, kuma na maƙale a kan ƙananan robobin nan da ke riƙe wayoyin filogi a kan murfin bawul. Wanda ya riƙe motar kafin ni ya sa mata wayoyi rawaya masu kauri da maƙalan alminiyam masu ƙyalli. Na duba wajen dillalai daban-daban, siffar robar kowa daban, amma kowa ya rubuta cewa tasa ce ta kamfani. Ina roƙon waɗanda suka taɓa wannan aiki su faɗa mini abin da suka dogara da shi.

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam, Baban Sadiq. Abin da nake fara yi shi ne auna ramin da waya ke shiga. Wayoyin da kamfanonin Amurka suka sa a shekarun 1960 kaurinsu milimita 7 ne, sai bayan da General Motors ya yaɗa tsarin wuta na HEI a 1975 aka saba ganin masu milimita 8. Saboda haka duk robar da wayar milimita 7 ke yawo a cikinta ba ta zamanin motarka ba ce, komai tsufan da ta nuna.

Sannan kada ka kalli siffa kaɗai, ka kalli jerin wayoyin. Injin 289 yana ba da wuta a kan 1-5-4-2-6-3-7-8, wato silinda ta 7 da ta 8 suna maƙwabtaka a gefen direba kuma suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Idan wayoyinsu suka yi doguwar tafiya a manne, wutar ɗaya tana iya tayar da ɗayar kafin lokacinta. An taɓa kawo mini wata Ford Fairlane da ke tari idan aka taka ta a hawa, mai ita ya canja filogi da koyil bai ga sauƙi ba, ashe an jera wayoyin ne 5, 6, 7, 8 don a yi kyau. Da na sa wasu wayoyin tsakanin 7 da 8 sai tarin ya tsaya.

Mai Camaro:
Tawa Chevrolet ce ta 1969, amma hanyar ɗaya ce. Abin da ya fitar da ni shi ne littafin haɗa mota na masana'anta, wanda ake kira AIM, domin zanensa yana nuna inda kowane maƙali yake da lambarsa da hanyar da waya ke bi. A wurinmu jerin wutar 1-8-4-3-6-5-7-2 ne, don haka 5 da 7 ake rabawa. Wayoyin filogi na kamfanin Packard Electric na lokacin suna ɗauke da rubu'in shekara da shekarar da aka yi su, kamar 1Q-69, kuma idan na sami tsohuwar mota da wayoyinta ke da kwanan wata da ya zo gab da ranar haɗa ta, nakan ɗauka cewa robobin da ke jikinsu ma ba a taɓa su ba. A irin wannan mota na ɗauki hotunan da na yi aiki da su.

Uwar Gareji:
Malam, tunda Ford ce, ka koyi karanta farkon lambar kayansu. C na nufin shekarun 1960, lambar da ke biye ita ce shekara, Z ɗin da ke biye kuma Mustang, shi ya sa ake ganin C5ZZ da C6ZZ. Sai dai kayan da ba a canja ƙirarsa ba yana riƙe tsohuwar lambarsa, don haka idan ka ga lamba mai farawa da B, ta shekarun 1950, kada ka yi saurin cewa ba ta motarka ba ce.

Dattijon Corvette:
Ina da ɗan ja da masu ɗaukar duk kayan da ya fito daga tsohon kwalin kamfani a matsayin hujja. Na sayi irinsa a kasuwar tsofaffin kayan mota ta Carlisle da ke Pennsylvania, kwalin na gaske, robar ma ta kamfani, amma da na ajiye ta kusa da wadda na cire daga motar da ba a taɓa gyarawa ba sai na ga ta kwalin ta fi sheƙi, gefenta ya fi kauri. Dalili kuwa kamfanoni sukan sauya lamba ko mai yi musu kayan gyara bayan shekaru, su ci gaba da sayarwa a matsayin madadi. Alƙalan NCRS, ƙungiyar masu maido da motocin Corvette yadda suka fito daga kamfani, wadda aka kafa a 1974, abin da aka sa wa mota a layin haɗawa suke nema, ba abin da aka sayar a kanta daga baya ba.

Kuma mu masu Corvette namu ya fi rikitarwa, domin jikin motar ba ƙarfe ba ne, saboda haka waɗanda suka fito da rediyo an rufe musu distirbita da wayoyi da garkuwar ƙarfe don kada wutar ta shiga rediyon. Motoci biyu na shekara ɗaya suna iya bambanta a nan, kuma dukansu daidai ne.

Baban Sadiq:
Allah ya saka da alheri. Na auna kamar yadda Tsohon Bakanike ya ce, biyu daga cikin robobin dillalan sun faɗi nan take, ramukansu na milimita 8 ne. Ta ukun ta zauna daidai a kan harshen ƙarfen da aka liƙa a murfin bawul. Yanzu abin da ya rage shi ne kwatanta ta da ta motar da ba a taɓa ba. Tawa a masana'antar San Jose aka haɗa ta, don haka idan akwai mai Mustang 1966 daga can, ko daga Dearborn ko Metuchen, don Allah ya ɗauko mini hoton murfin gefen direba daga sama, yadda zan iya ƙirga wayoyin.