Rage tuwo da fura saboda ciwon sukari: me za a ci, kuma yaya batun magani?

Abban Nafisa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni ga masana. Magidanci ne ɗan shekara 52, mai ciwon sukari da ƙiba, yana shan metformine da glibenclamide. An ce ya rage abinci mai sitaci, ya kuma rage yawan cin gaba ɗaya. To a Maraɗin nan da safe koko, da rana fura, da dare tuwon gero, me zai ci? Maganin kuma haka zai ci gaba da sha?

Hajiya Mariama:
Wa alaikumus salam. Malam, da maganin zan fara, don nan haɗarin yake. Glibenclamide yana tilasta wa jiki fitar da insulin, wato sinadarin da ke saukar da sukarin jini, ko an ci abinci ko ba a ci ba. In aka zabge tuwo aka bar ƙwayar maganin yadda take, sukari na iya faɗuwa ƙasa da 0,70 g/L, wato garam 0,70 a kowace litar jini. Sai ka ga rawar jiki, zufa mai sanyi, faɗuwar gaba, wani har ya riƙa magana ba kan gado. Metformine shi kaɗai da wuya ya jawo haka. Don Allah kafin a taɓa abinci a koma wurin likitan da ya rubuta maganin, shi zai rage ƙwayar in da buƙata.

In alamar ta zo, a jiƙa ƙwayar sukari 3 a rabin kofin ruwa, wajen garam 15 ke nan, ya sha. Bayan minti 15 a auna sukarin jininsa. Bai haura 0,70 ba, a ƙara. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A wuce asibiti.

Malam Sani Sabon Gari:
Hajiya ta yi gaskiya. Abinci kuwa, a fara korar na sha kafin na ci. Kwalbar lemo ta santilita 33 tana ɗauke da sukari wajen garam 35, ƙwaya 7 ke nan. Sai zoɓo da shayin majalisa. Koko da kunu ma ko ba a sa sukari ba suna saurin ɗaga awo, saboda garin ya yi laushi ya dahu, hanji ba ya wahalar narkar da shi.

Tuwo ba sai an bar shi ɗungurungum ba. A raba faranti: rabi ganye, kashi ɗaya cikin huɗu nama, kifi, ƙwai ko awara, sauran kashin tuwo, malmala ɗaya kamar dunƙulen hannunsa. Ganye bai yi mana wuya ba: zogalen Jiratawa da ke kusa da Maraɗi, kabeji, salati, yakuwa, ga miyar kuɓewa da ta kuka. Wake ya fi shinkafa, don dafaffiyar shinkafa garam 100 tana da sitaci kusan garam 28, wake kuwa bai kai haka ba, kuma yana jimawa a ciki.

Inda mutanenmu ke faɗawa shi ne gyaɗa da mai. Ba sa ɗaga sukari sosai, gaskiya ne, amma babban cokali ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne, gyaɗa garam 100 ta haura 550. Kwaɗon zogale da aka malale da mai ba zai rage tumbi ba.

Abban Nafisa:
Na gode, Allah ya saka. Furar fa, Hajiya? Ita ce zai fi jin rabuwa da ita.

Hajiya Mariama:
Na'urar awo ce za ta raba gardama. A dama kwata ko rabin dunƙule da nono mai yawa, ba sukari, a auna kafin sha, a sake bayan awa 2. Bai wuce 1,80 ba, ta zauna. Ya wuce, a rage gero. Awon safe kafin karin kumallo ana son sa tsakanin 0,80 da 1,30. A riƙa rubutawa a littafi ana kai wa likita.

Ya yawaita shan ruwa, don makon farko na rage sitaci jiki na zubar da ruwa, ga zafin garin nan. In kuma ƙodarsa ta taɓu, kada ya ƙara nama sai likita ya yarda.