Yaya mutanen Sioux suke cin hunturu cikin tantin fata a da?

Ɗanjuma Bala:
Assalamu alaikum. Tambayata kan ƙabilun Sioux na Amurka ce, musamman Lakota da suka zauna a filayen Dakota. Ƙasa ce mai ƙanƙara da iska, ba tsauni ba kurmi da zai tare ta. Yaya tantin fata ke riƙe ɗumi a can, alhali da wuta a ciki, hayaƙi bai shaƙe mutane ba? Wace irin jima suke yi wa fatar? Kuma me suke ci idan farauta ta tsaya?

Malam Habu Majemi:
Wa alaikumus salam, Malam Ɗanjuma. Bari in ɗauki batun jima. Mu nan bagaruwa muka sani, su kuwa da ƙwaƙwalwar dabba suke jima, kuma aikin mata ne tun daga farko har ƙarshe. Fatar ɓauna mace da aka kashe da bazara ake so don tanti, ta fi sauƙin sarrafawa. Ta hunturu mai gashi da yawa, bargo ake yi da ita ba a cire gashin.

Ana shimfiɗa fatar a ƙasa, cikinta na kallon sama, a kafe gefunanta da turaku. Sai a kankare sauran nama da kitse da ƙashin ƙafa mai haƙora a baki. In ta bushe a kifa ta, a cire gashi da makankari mai ƙotar ƙahon barewa, ana rage kauri har ta daidaita. Daga nan a dafa ƙwaƙwalwa da hanta da kitse, a shafe fatar, a bari ta sha. A jiƙa, a matse, sannan aikin wahala ya fara: ana ja ana gurza ta a jikin igiyar jijiya har ta bushe ƙarau. Nan yawancin aiki ke lalacewa. Duk inda aka bari ya bushe ba ana ja ba, sai ya sandare, dole a sake shafa ƙwaƙwalwa. In kuma ba a kankare tantanin ciki da kyau ba, man ba zai shiga ba. Fatar da ta sha hayaƙin ruɓaɓɓen ice ba ta ƙandarewa bayan ruwa ya taɓa ta, amma hayaƙi ake so, harshen wuta ƙona ta yake yi. Shi ya sa in tanti ya tsufa, saman da ya sha hayaƙi shi ake yankawa a ɗinka takalma.

Hajiya Rakiya Sani:
Allah ya saka, Malam Habu. Shi tantin, tipi suke ce masa, kuma mallakar matar gida ne. Madaidaici yana cin fata 12 zuwa 14, a ɗinke da jijiya su ba da siffar rabin da'ira. Lakota sanduna uku suke fara ɗaurewa su tsayar, ba huɗu ba kamar ƙabilun Crow da Blackfeet. Sauran sandunan a jingina su a gwafar da aka samu, a zagaye wuyansu da igiya, a ja ta ƙasa a kafe cikin tanti. A jikin sanda ta ƙarshe ake ɗaure rufin, a ɗaga ta ta baya, a warware fatar hagu da dama, a haɗa gaba da tsinkayen ice. Ƙofa gabas take kallo, kuma bayan ya fi gaban miƙewa, don iska daga yamma take bugowa.

Malam Ɗanjuma, amsar tambayarka kan ɗumi da hayaƙi tana wurare biyu. A sama akwai kunnuwa biyu na fata, kowanne da sandarsa daga waje. Ana juya su su ba iska baya, sai ta ja hayaƙin waje. In iska ta sauya ba a juya su ba, hayaƙi ya dawo ciki. Na biyun, kuma shi ne mutane ke mantawa, akwai labule na ciki da ake ɗaurawa a sanduna, tsayinsa kamar kafaɗar mutum, a naɗe gindinsa a ƙasa. Rufin waje ba ya taɓa ƙasa sosai, don haka iska mai sanyi tana shiga ta tsakaninsu ta haura sama da hayaƙi, ba ta bi ta kan masu barci ba. Sanyi ya tsananta, a cusa busasshiyar ciyawa a tsakanin. Sandunan ma sai an fere su sumul, domin ruwan sama jikinsu yake bi ya sauka bayan labule. Inda aka bar ƙulli, nan zai riƙa ɗiga kan shimfiɗa.

Kuma ba a tsakiyar fili suke hunturu ba. Kwarin kogi suke sauka cikin bishiyoyi, inda akwai makamashi da mafaka, dawakai kuma su ci ɓawon ice in ƙanƙara ta rufe ciyawa.

Malam Isiyaku Garba:
Abincin ajiya wasna ne. A yanyanka nama siriri, a shanya a kan sandunan ice kwana biyu ko uku. A daka shi da dutse, a haɗa da 'ya'yan wata bishiya masu ɗan bauri da aka daka har ƙwallonsu aka busar, sai a zuba narkakken kitse ko man ɓargo. Na doguwar ajiya, nama da kitse kusan nauyi ɗaya ake sawa, a ɗura cikin jakar ɗanyar fata. In naman bai bushe har ciki ba zai yi fumfuna, in kitsen ya yi zafi da yawa zai soya shi.

Amma ɗan uwa, yawancin abin da aka lissafa a sama daga jikin ɓauna yake fitowa, kuma ta nan aka karya su. A fagen daga sun yi nasara: yaƙin da shugabansu Red Cloud ya jagoranta ya sa Amurka ta rufe sansanoninta na hanyar Bozeman, aka sa hannu a yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 wadda ta bar musu tsaunukan Black Hills. Ranar 25 ga Yuni 1876 su da ƙabilar Cheyenne suka halaka hafsan sojan Amurka Custer da rundunar da ke tare da shi a bakin kogin Little Bighorn. Yunwa ce ta yi abin da bindiga ta kasa. Daga farkon shekarun 1870 masana'antun jima suka fara sayen fatar ɓauna, jirgin ƙasa yana kwashewa, ana barin nama ya ruɓe. Dabbar da ake ƙirgawa da miliyoyi, zuwa 1883 garken arewa ya ƙare. Tanti ya koma na yadi, abinci ya koma rabon gwamnati, wanda ake iya tsayarwa duk lokacin da aka so a tilasta musu.

Hajiya Rakiya Sani:
Haka aka yi da Black Hills kuwa, Malam Isiyaku. Bayan an ga zinariya a can a 1874, majalisar Amurka ta ce ba abinci sai sun saki ƙasar. Yarjejeniyar 1868 ta shardanta cewa ba a karɓar ƙasa sai uku cikin huɗu na mazajensu baligai sun sa hannu, amma kusan ɗaya cikin goma aka samu, duk da haka aka ƙwace a 1877. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar an zalunce su, aka yanke diyyar da ta haura dala miliyan 100 in an haɗa da kuɗin ruwa. Sun ƙi karɓa, don karɓa na nufin sun sayar. Kuɗin na nan a asusun gwamnati, sun wuce dala biliyan ɗaya, alhali Pine Ridge, yankin da aka keɓe wa Lakota, na cikin yankunan da suka fi talauci a Amurka. Ni ina ganin sun yi daidai: ƙasar suke nema, kuma ba su taɓa sa mata farashi ba.