Tukunyar tatsar mai ta ƙi ba ni man kanumfari, sai farin ruwa kamar koko

Maman Ilham (Gusau):

Slm 'yan uwa, don Allah masu sani a taimaka min. Ni humra da turaren wuta nake haɗawa a nan Gusau wajen Tudun Wada, shekara shida kenan, kuma kullum man kanumfari da na na'a-na'a saye nake, tsadar ta ishe ni ga shi rabi duk algus ne, ki buɗe kwalba ƙamshin ya yi minti biyu ya gudu. Shine da na ɗauki adashe na ba ƙanina ya sayo min tukunyar nan ta tatsar mai da tururi daga Kano, mai lita 20, jikinta silba, murfin kamar hula mai dogon wuya, sai bututun jan ƙarfe da ya nannaɗe cikin wani ɗan bokiti da ake zuba ruwan sanyi.

Wlh sau uku ina gwadawa ban ga ɗigon mai ba. Na zuba kanumfari rabin kilo yadda yake ban daka ba, na cika ruwa, na ɗora kan gas, bayan kamar awa ɗaya da rabi abin da ya taru a kwano wani farin ruwa ne kamar an dama koko da ruwa-ruwa, na duba sama ba mai ko kaɗan, haushi ya sa na zubar a makwarara. Ga tururi yana fita ta gefen murfi, can kuma bakin bututun maimakon ya riƙa ɗiga sai ya koma huci, gidan gaba ɗaya ya ɗauki ƙamshi har maigida ya ce idonshi na yaji. Na gwada na'a-na'a ita kuma ƙauri ta yi. Yanzu kuma wajen da wuyan ya haɗu da bututun ya ɗan tsage, na kai wa mai liƙi ya ce in bari zai ɗiga mishi dalma, na ce bari in tambaya tukuna. Ni aka cuta da tukunyar ne ko ni ce ban iya ba?

Ɗan Mafara:

Hajiya wannan ai injin ogogoro ne kika sayo, ki yi a hankali kada maƙwabta su kira miki Hisbah 😂

Maman Ilham (Gusau):

Kai dai bari ɗan nan, ai har wata maƙwabciyata ta leƙo ta ga bututun ta ce "Maman Ilham me ake dafawa haka?" da wata irin murya. Na ɗebo kanumfarin na nuna mata. A'uzubillahi ni da giya.

Malam Bashir Lab (Kaura Namoda):

Wa alaikumus salam Hajiya. Innalillahi, farin ruwan nan da kika zubar ai shine man naki, sau uku kina zubar da kuɗinki a makwarara. Ni aikin lab na karanta a poli ɗinmu ta nan Kaura kuma mun yi wannan tatsar ta kanumfari da hannunmu, bari in miki bayani.

Yawancin mayukan ƙamshi, irin na na'a-na'a da ganyen turare da ɓawon lemu, sun fi ruwa sauƙi shi ya sa suke tasowa sama. Kanumfari ba haka yake ba. Manshi ya ɗan fi ruwa nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya, kuma da yake nauyin nasu ya kusa zama ɗaya ba ya saurin rabuwa, sai ya tsaya cikin ruwan ƙanana-ƙanana ya mai da shi fari kamar madara. Ke kina duba sama, shi yana ƙasa. Ki tari ruwan a doguwar kwalbar gilas mai ƙaramin baki, ba kwano ba, ki rufe ki ajiye ya kwana a inuwa. Da safe ki ɗaga kwalbar a haske za ki ga wasu ƙwallaye masu ruwan ɗorawa-ɗorawa sun taru a gindi. Sai ki sa sirinji sabo mai ɗan siririn tiyo ki zuƙo. Sauran farin ruwan kuma kada ki zubar, ki mai da shi tukunya a zagaye na gaba a madadin sabon ruwa, man da ya maƙale ciki zai fito.

Sannan ki daka kanumfarin, ba lilis ba, ki dai farfasa shi a turmi daidai lokacin da za ki ɗora. Kuma awa ɗaya da rabi ta yi kaɗan ƙwarai. Sinadarin da ke ba kanumfari wannan yajin, yujinol ake ce mishi, sai zafi ya haura digiri 250 yake tafasa shi kaɗai, ruwa kuwa a 100 yake tafasa, to tururin ruwan ne ke ɗaukarshi kaɗan-kaɗan yana haurawa da shi, shi ya sa abin ke son haƙuri. Ki ba shi awa huɗu ko fiye, wuta madaidaiciya, ki riƙa tarar kaɗan a ƙaramin kofin gilas, muddin yana fitowa fari-fari akwai sauran mai, in ya koma garau kamar ruwan sha kin gama. Kanumfari yana cikin masu yawan mai, mai kyau yakan ba da fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinshi, amma in wanda kika saya ya daɗe a buhu a rana ko an riga an tatse shi kafin a kawo kasuwa ba za ki samu haka ba. Ki matsa kan da farce, mai kyau za ki ga maiƙo.

Maganar Ɗan Mafara kuma, eh tsarin ƙarfen ɗaya ne, tukunya da wuya da bututun sanyaya, da shi ake ruwan batir, da shi ake ruwan wardi. Abin da aka zuba ciki ne ya bambanta. Amma da kin sa maigida ya shaida wa mai unguwa sana'ar da kike, a huta da tsegumi.

Hajiya Turai (Birnin Kebbi):

'Yar uwa sannu, duk mun sha wannan. Ni ganyen turare da na'a-na'a nake yi shekara uku. Hucin da kika ce bakin bututu na yi ruwan bokitinki ne ya yi zafi, ba wani abu ba. Ɗan bokitin nan da suke haɗowa da shi wasa ne, a zafin garuruwanmu minti ashirin ya isa ya zama ruwan wanka, in ya yi zafi kuwa tururin ba ya komawa ruwa, wucewa yake ya fita da man duka, ƙamshin da ya cika miki gida ai man ne ya bi iska. Ki riƙa sa hannu a ƙasan bokitin, ƙasa dole ya zama da sanyi ko da sama ya yi ɗumi, kuma abin da ke ɗiga ya fito da sanyi ko ɗan ɗumi kaɗan.

Ni abin da na yi, ƙanƙara na fara saye na ga ribar duk can take tafiya, sai na ajiye manyan randuna biyu a inuwa na cika su tun dare, na samu ɗan ƙaramin famfo irin na kula mai sanyaya ɗaki, mai 12V, na haɗa da batirin solarmu. Ruwan sanyi ta ƙasan bokiti yake shiga, mai zafi ya fita ta sama ya zuba a baho, kada ki juya, ni da farko juyawa na yi ina ta mamaki. Ruwan bahon in ya huce wanki nake da shi, na san yadda ruwa yake a Gusau ba na zubarwa ba ne. Kuma da asuba nake ɗorawa, a watan Afrilu in rana ta take ko kin yi wahalar banza ce, lokacin hunturu kuwa abin har daɗi.

Gefen murfi kuma ki kwaɓa fulawa da ruwa ta yi tauri kamar ta fanke mai ƙarfi, ki mulmula ta doguwa ki bi bakin murfin ki liƙe, zafi na taɓa ta za ta bushe ta kama, in kin gama ki ɓanɓare. Ƙaurin na'a-na'a kuwa ganyen ne ya kwanta a gindin tukunya ya kama. Kin san madambaci ai, to haka za ki yi, ki sa a yanko miki faifan silba mai huji-huji da ƙafa uku, ruwa a ƙasa ganye a sama, tururi kawai ke ratsa shi. Ki bar ganyen ya sha iska a inuwa kwana ɗaya ya yi yaushi. Amma fa kada ki sa rai da yawa, na'a-na'a rowa gare ta, in cika tukunyata dam abin da nake samu bai fi cokalin shayi ɗaya zuwa biyu ba, ruwan ƙamshin da ke ƙasa shi nake sayar wa masu gyaran jiki ya fitar min da kuɗin gas.

Abba Gada Biyu:

Anti ki sa super glue a tsagewar kawai, sannan ki toshe bakin bututun da ƙyalle na ɗan lokaci tururin ya taru sosai, in kin buɗe zai fito da ƙarfi

Malam Bashir Lab (Kaura Namoda):

Abba don girman Allah ka goge wannan. Hajiya kada ki kuskura ki toshe bakin bututu ko na daƙiƙa ɗaya, nan ce kaɗai hanyar da tururi ke fita, in kin toshe tukunyar ta zama bam, murfin zai tashi da tafasasshen ruwa a fuskar wanda ke kusa. Hasali ma kafin ki kunna wuta kullum ki hura bututun da baki ki tabbatar iska na wucewa, don garin kanumfari kan haura ya toshe shi in an cika tukunya da yawa. Kada ki wuce kashi biyu cikin uku. In kika ga wuta na ci amma ɗigar ta tsaya, kashe gas tukuna kafin ki yi bincike. Gam kuma zafi da man za su cinye shi ya narke cikin kayanki.

Baba Sani Maƙeri (Anka):

Ɗiyata ni ban iya dogon rubutu ba yaro na ka rubuta min. Batun dalma ɗai na ka son in yi magana. Kada ki bari shi ɗiga miki ita. Mu nan Anka mun san abin da dalma ta yi muna, shekarar 2010 da anka riƙa niƙa duwatsun zinari masu gubar dalma cikin gidaje, ƙauyukkan Anka da Bukkuyum yara sama da 400 sunka rasu, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sunka zo, ƙauyen Bagega ma sai 2013 anka kwashe ƙasar da gubar ta ɓata. Wanda bai gani ba shi ka wasa da ita. Dalmar masu liƙin bokiti da lagireto mafi yawa haɗi ce da wagga gubar, ke kuma tururi mai zahi za ya bi ta kanta awa da awanni, abin da ya hito mata su shafa ga jiki, wasu ma har ga haƙori suka sa man kanumfari, ga goyo ga bayansu.

Ki kai ma mai waldar gas wanda ka gyaran firij da AC, su ka aiki da bututun jan ƙarhe kullum, ki ce mai walda kike so da sandar azurfa, ba liƙi ba. Ki tsaya nan gabanshi ya yi. In kuma wajen silba ne ya tsage sai mai waldar agon, wato walda da iskar argon. Kuma duk wanda ya ce miki ki sa tsohon lagireton mota wurin sanyaya tururi wai ya fi sauri, ki ce mai a'a, akwai dalma ciki akwai dattin ruwan mota.

In kin ga bututun ya yi kore-kore ciki, lemun tsami da gishiri ki zuba ki girgiza ki ɗauraye sosai ki shanya. Allah shi ba da sa'a.

Maman Ilham (Gusau):

Na dawo da rahoto. Baba na gode Allah ya ƙara girma, na kai wa mai gyaran firij ya yi waldar a gabana. Hajiya Turai fulawar nan kamar sihiri, ko ɗis bai fita ba, randa ɗaya gare ni dai sai na riƙa ɗiba da moɗa ina canzawa, hannuna duk ya gaji, famfon sai wata mai zuwa insha Allah. Jiya bayan sallar asuba na ɗora rabin kilo dakakke, sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya na sauke. Yau da safe na ɗaga kwalbar a taga, wlh ga shi nan kwance a gindi kamar zuma, na kira maigida ya zo ya gani. Na zuƙo da sirinji ya cika ƙananan kwalaben turare uku da ɗan kaɗan, ruwan kuma har yanzu da sauran fari na adana shi yadda Malam ya ce.

Sai dai na yi wauta ɗaya, na ɗiga a bayan hannu in ji ƙamshi, wajen ya yi ja yana zafi har yanzu. Kuma ɗan abin da ya rage na zuba a robar magani, yanzu na ga robar ta yi laushi ta dushe.

Malam Bashir Lab (Kaura Namoda):

Masha Allah. Hannun ki shafa man gyaɗa ko na zaitun ki goge sannan ki wanke da sabulu, tsantsar man kanumfari ƙuna yake, sai an sirka shi sosai kafin ya taɓa fata, kuma ki ɗaga shi sama inda su Ilham ba za su kai ba don in yaro ya sha hatsari ne babba. Na robar nan kada ki sa a humra, ya riga ya ci roba. Kwalbar gilas mai duhu kawai. Robar sirinjin ma yana cin ta, ki zuƙa ki juye nan take ki jefar, in kin samu na gilas a shagon kayan lab ya fi.

Hajiya Turai (Birnin Kebbi):

Kwalba uku daga rabin kilo? Ke ni fa na'a-na'ar nan ta ishe ni haka, nawa kike sayen mudun kanumfari a Gusau yanzu?